Hattara Kafin Ka Sayi Jitar Lantarki da Ɗan Kuɗinka

Sha'awar jitar lantarki tana ƙaruwa a tsakanin matasanmu. A Agadas 'yan jita ne ke raya bukukuwan aure da dama, Bombino da Mdou Moctar kuwa sun kai wannan kiɗa har Turai da Amurka. A Jos da Kaduna ma akwai masu koyo a majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa. Sai dai yawancin masu sha'awar ba su da ƙarfin aljihu, kuma da yawansu sukan zuba abin da suka tara a kan jita mai ƙyalli, sai an je gida a tarar ba ta kaɗuwa.

Abu na farko, jitar lantarki ba ta magana ita kaɗai. Galibi jikinta katako ne marar rami. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai abin da makaɗa ke kira fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Shi ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya tura wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Saboda haka ka raba kuɗinka tun daga gida, ka ware wajen kashi ɗaya cikin uku don amfilifaya da wayar haɗi da jaka da tsirkiyoyin canji. Amfilifaya mai wat 10 zuwa 20 ta ishi mai koyo a ɗaki. Manhajar saita sauti kuwa kyauta ake saukewa a waya.

Na biyu, kada suna ya ruɗe ka. Kamfanin Gibson ya fito da jitar Les Paul a 1952, kamfanin Fender ya fito da Stratocaster a 1954, har gobe su ne jabu ya fi bi. Duk wanda ya miƙo maka sabuwar Gibson a farashin ƙaramar waya, tambarin kawai yake sayar maka. Gara ka nemi ƙannensu na halal. Squier na Fender ne, Epiphone kuma yana hannun Gibson tun 1957. Akwai kuma Yamaha Pacifica da masu sauƙin kuɗi na Ibanez da Cort. Yawancinsu a Indunusiya ko Sin ake ƙera su, wannan ba aibu ba ne. Ta hannu mai lafiya daga waɗannan ta fi sabuwa marar asali.

A shago, wuyan jitar za ka fara dubawa, domin fikof da maɓallai duk ana canza su da sauƙi, amma wuya in ya murɗe gyaransa kan kai kuɗin jitar. Ɗaga ta, ka kai kanta kusa da idonka, ka hangi tsawon wuyan. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba komai, akwai ƙarfe a ciki da ake juyawa a daidaita shi, amma ka tambaya ko yana juyawa. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye ta. Sannan ka ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuyan zuwa na 12. A nan tazarar tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce milimita 2 da ɗan abu, in ba haka ba yatsunka za su yi ciwo har ka yi zuciya ka daina koyo. Danna kowace tsirkiya a kowane gida ka saurara ko tana zizza. A ƙarfe na 12 sautin ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi siranta.

Ka sa a jona ta a gabanka. Murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin raminta. Ƙarar ƙaras-ƙaras ko ɗaukewar sauti alamar gyara ce, sai a rage maka kuɗi. In mai shago ya ce babu wuta, ka ce ka dawo gobe. Haka nan kada ka tura kuɗi don ka ga hoto a Facebook, cinikin biri a sama ke nan.

Babban haɗarin yana wajen amfilifaya. Wutarmu a Nijeriya da Nijar 220 zuwa 240 ce, ta Amurka kuwa 120. Amfilifayar gwanjo da ta fito daga can, ka jona ta kai tsaye, nan take za ta ƙone. Karanta rubutun bayanta, in 120 ce sai da taransifoma mai rage wuta. Kada kuma ka yarda a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket, ita ke sauke wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Tsirkiyoyin ƙarfe ne, suna haɗe da amfilifaya ta wayar. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana cikin kaɗa jita. In ka ji tana ɗan jan yatsa, kashe komai ka kira mai gyara, kuma kada ka kaɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Bayan saye, hunturu ne abin tsoro. Bushewar iska tana tsuke katako har bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu. Riƙa ajiye ta a jaka, nesa da rana da bayan mota. Ranar ciniki kuma ka tafi da wanda ya iya kiɗa, ka rage ɗan abin da za ka ba mai saiti ya daidaita maka wuya da tsirkiyoyi kafin ka fara darasi.