Koyon Sifaniyanci: abin da mai jin Hausa ya riga ya riƙe, da inda zai sha wuya

Sifaniyanci, wanda ƴan makaranta a Nijar suka fi sani da Espanyol, harshen uwa ne ga mutane kusan miliyan 500. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20: Sifaniya, ƙasashe 18 na nahiyar Amurka, da Ikwatoriyal Gini a Afirka. Meziko ce ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da shi, ba Sifaniya ba. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Tarayyar Afirka na aiki da shi.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Sifaniyanci ba ya cikin wannan jeri, saboda haka wanda ya nufe shi yana da dalilinsa. Wani ɗalibi ne da ya gama BAC yana neman gurbin karatu a waje: makarantar likitanci ta ELAM da Kuba ta buɗe a 1999 tana karɓar ƴan Afirka, kuma da Sifaniyanci ake karatu a can. Wani yana neman aiki da ƙungiyoyin agaji. Wani kuma ɗan'uwansa ne ya tsallaka teku. A 2024 kaɗai, mutane fiye da 46,000 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale daga gaɓar Afirka ta Yamma, ban da dubban da ruwa ya ci. Jin harshe ba ya ba kowa takardun zama, ba ya rage haɗarin teku. Amma wanda ya riga ya sami kansa can, in ba ya ji, sai ya sa hannu a takardar aikin da bai karanta ba, ya tsaya gaban likita ya kasa faɗin inda ke masa ciwo.

Kunnen Hausa ya fi bakin Faransanci amfani

Kuskuren farko da mai koyo ke yi shi ne karanta Sifaniyanci da lafazin Faransanci. Harufan 27 ne, wasulan kuwa biyar kacal: a, e, i, o, u, kuma ana furta su kamar na Hausa. Babu wasalin hanci, babu u irin ta Faransanci. Abin da aka rubuta shi ake faɗa, har ƙarshen kalma. Harafin h kuwa ba a furta shi: hola, wato sannu, "ola" ake cewa.

Sauran sautukan ma ba baƙi ba ne. Ch ita ce c ta Hausa, don haka noche, dare, "noce" ne. Ñ ita ce "ny" ta cikin hanya. V da b sautinsu ɗaya. J kuwa ita ce ha mai ɗigo ta Larabci, wadda duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. Akwai r iri biyu: ta buga harshe sau ɗaya, da ta kaɗa shi. Pero na nufin amma, perro na nufin kare. Bafaranshe kan daɗe yana fama da wannan, Bahaushe kuwa da ma r biyu gare shi.

Inda bakin Hausa ke tuntuɓe shi ne tsakanin p da f, domin Hausa ba ta raba su. Puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa. Wannan sai an zauna an yi ta maimaitawa.

Sai kuma nauyin murya a kan gaɓa. Yadda karin sauti ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, haka nauyi ke raba hablo, ina magana, da habló, ya yi magana; ko papa, dankali, da papá, baba. Dokar gajera ce. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, nauyinta na kan gaɓar kusa da ta ƙarshe. Sauran kalmomi, a kan ta ƙarshe. Duk wadda ta saɓa wa dokar ana ɗora mata alama a kan wasalin.

Gadon Larabci

Daga 711 zuwa 1492, Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar da ake kira Andalus. Masana sun ƙiyasta cewa kalmomi kusan 4,000 na Sifaniyanci daga Larabci suka fito, kuma wasunsu Hausa ma ta ara daga tushe guda. Alcalde, magajin gari, da alƙali kakansu ɗaya. Azúcar sukari ne. Taza, kofin shayi, ƴar'uwar tasa ce. Hasta, wato har, daga hatta ta fito, shi ya sa sai gobe ya zama hasta mañana. Ojalá, da ake faɗa in ana fata, asalinta jingina abu ga yardar Allah ne, kamar in sha Allahu.

Nahawu: inda ake dacewa da inda ake rabuwa

Kowane suna a Sifaniyanci namiji ne ko mace, kuma mafi yawan sunayen mata da a suke ƙarewa, kamar a Hausa: la mesa, tebur, la casa, gida. Na maza sukan ƙare da o: el libro, littafi. Akwai masu saɓawa, irin el día, yini, da la mano, hannu, yadda ruwa da gida suka ƙare da a amma maza ne. Bai kamata a dogara da jinsin Faransanci ba: madara da gishiri maza ne a can, a nan kuwa la leche da la sal ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a haddace kowane suna tare da el ko la ɗinsa.

Abin da ya fi ruɗa masu zuwa daga Faransanci shi ne ser da estar, kalmomi biyu a gurbin être guda. Mai jin Hausa yana da wannan rabo tun a gida. Ser ta yi kusa da "ne" da "ce": soy maestro, ni malami ne. Estar ta yi kusa da "ina", "yana", "tana", wato wuri ko halin da ake ciki: estoy en Maradi, ina Maraɗi. Musanya su na juya ma'ana. Es listo, mai wayo ne; está listo, a shirye yake. Es malo, mugu ne; está malo, ba shi da lafiya.

Wahalar gaske tana wajen aikatau. Hausa na nuna wanda ya yi aiki da lokacin aikin a gaban kalma: na tafi, za ka tafi, suna tafiya, kuma "tafi" ba ta cika sauyawa ba. Sifaniyanci a wutsiyar kalma yake nuna su. Aikatau rukuni uku ne, masu ƙarewa da ar, er da ir. Hablar, yin magana, kan zama hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan, daga ni zuwa su. Tunda wutsiyar ta faɗi ko wane ne, galibi ba a ambaton wakilin suna. A nan babu dabara sai hadda, kuma ya fi kyau a fara da waɗanda ake buƙata kullum: ser, estar, tener, mallaka, ir, tafiya, querer, so, poder, iyawa.

Ladabi ma yana da gurbinsa. Tú na tsara ne da yaro, usted na babba da baƙo, kamar yadda ake ce wa dattijo "ku".

Tarkon Faransanci

Harsunan biyu daga Latin suka fito, shi ya sa wanda ya yi lakwal zai gane kalmomi da yawa tun ranar farko. Ƙirga ma ya fi sauƙi: 70, 80 da 90 su ne setenta, ochenta, noventa, ba sai an yi lissafin ashirin huɗu da goma ba. Sai dai kama da wane ba ta wane. Nombre suna ne, ba adadi ba. Gato kyanwa ce, ba kek ba. Salir fita ce, ba ɓata tufa ba. Sol rana ce, ba ƙasa ba. Wanda ya ce wa likita estoy constipado mura yake nufi, ba taurin bayan gida ba.

Ta ina za a fara?

Gaisuwa da buƙatun yau da gobe su ne matakin farko: buenos días, ina kwana, gracias, na gode, me llamo, sunana, no entiendo, ban gane ba, ¿cuánto cuesta?, nawa ne? Alamar tambaya biyu ce, ɗaya a kife a farkon jimla. Minti ashirin kullum, ana karantawa da ƙarfi, ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai. Manhajar Duolingo tana koyar da harshen ta Faransanci a wayar salula, Radio Exterior de España na intanet, kuma mai son La Liga zai iya sauraren sharhin wasa da harshen asali. A sani dai cewa a Barcelona akwai wani harshen daban, Katalanci, da ake yi tare da Sifaniyanci.

Wanda ke koyo don karatu ko aiki yana buƙatar shaida. Takardar da aka fi amincewa da ita ita ce DELE, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, wadda cibiyar Cervantes ke shirya jarrabawarta a madadin ma'aikatar ilimi ta Sifaniya. An kafa cibiyar a 1991, kuma a 2021 ta ƙaddamar da reshenta na Dakar, na farko a Afirka kudu da Sahara. Kafin mutum ya biya kuɗi a wata makaranta mai zaman kanta, ya kamata ya tambayi matakin da za a kai shi, da ko takardar da za a ba shi jami'ar da yake nema tana karɓarta.