Digirin Tsalle-Tsalle: Karatun Da Ake Rainawa, Ga Shi Kuwa Rai Yana Hannunsa

Ranar Asabar, 12 ga watan Agusta na 1989, babban filin wasa na Surulere a Ikko ya cika ya batse, domin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya tana karawa da ta Angola a wasan neman shiga gasar cin kofin duniya. Ana saura minti goma sha uku a tashi, sai Samuel Okwaraji, saurayi ɗan shekara 25, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Bai sake tashi ba. Da likitoci suka bincika gawarsa, sai suka tarar zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini. Nijeriya ta ci wasan da ɗaya da nema, amma ba wanda ya koma gida da murna.

Shekara 32 bayan wannan, watau ranar 12 ga Yuni na 2021, irin wannan abu ya sami Christian Eriksen na ƙasar Denmark a birnin Kofanhegan, suna wasa da Finland. Zuciyarsa ta tsaya cik. Nan take aka rufar masa, ana danna ƙirjinsa, aka kawo na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, ta farfaɗo. A 2022 mutumin nan ya koma fili, har ya buga wa ƙasarsa ƙwallo a gasar duniya ta Katar.

Rai na Allah ne, kuma ba wanda ke wuce kwanansa. Amma Allah ya yi sababi. Likitoci sun ce idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari. Ashe ke nan abin ya rataya ne a kan mutumin da ya fara isa wurin, da abin da ya sani.

To, su Eriksen manyan 'yan wasa ne, likita yana biye da su duk inda suka sa ƙafa. Ɗan makarantar sakandare da ke gudun mil ɗaya ran gasar gidaje a Gusau ko Azare ko Kwantagora fa? Ba likita a bakin filinsa, sau da yawa ko motar asibiti babu. Wanda ke tsaye da usur a wuya, watau malamin wasanni, shi ne likitan, shi ne nas ɗin. Wannan malami shi ne jami'o'in ƙasar nan ke horarwa a sashen da mutane ke yi wa ba'a suna cewa wai can ake ba da digirin tsalle-tsalle.

DAGA HAGU-DAMA ZUWA JAMI'A

Rainin nan yana da asali. A zamanin Turawa, abin da ake kira motsa jiki a makarantu bai wuce fareti ba: a jera yara da sassafe, hagu-dama, ɗaga hannu, sauke hannu. Manhajar da aka daɗe ana bi ita ce wadda aka tsara wa makarantun Ingila a 1933, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin sojoji da yawa ne suka riƙe wannan aiki a makarantu. Su kuwa abin da suka sani shi ne tsawa da umurni. Dattawan da suka yi elementare a lokacin ba su da laifi in suka ɗauka ba wani ilmi a ciki.

Canji ya fara ne da 'yan ƙasa kaɗan da suka tafi kwalejin Loughborough ta Ingila suka karanto fannin, irin su Harding Ekperigin, wanda ake yi wa kallon uban wannan karatu a Nijeriya, da Isaac Akioye, wanda daga baya ya zama darektan Hukumar Wasanni ta Ƙasa. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960, ita ce ta fara ba da digiri a ilmin motsa jiki da kiwon lafiya. Sa'an nan sauran suka biyo, har da Ife da Badun da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma Bayero ta Kano, da Maiduguri, da Ilori.

Shekarun 1970 su ne lokacin da harkar ta yi tashe. A watan Janairu na 1973 Ikko ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu. A wannan shekara kuma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro Bikin Wasanni na Ƙasa domin haɗa kan matasa bayan yaƙin basasa, kuma Kaduna ta karɓi na 1977. A 1974 aka kafa Cibiyar Horas da Masu Koyar da Wasanni a Surulere. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, kowace makaranta tana neman malami. A yau sassan da yawa sun canja suna, sun koma sashen nazarin motsin jikin ɗan Adam da ilmin kiwon lafiya. Sunan ya canja, amma ba'ar tana nan.

ABIN DA AKE KARANTAWA

Yawancin ɗaliban da ke shiga wannan sashe ba shi suka nema ba. Yaro ya cika takardar JAMB yana son likita ko haɗa magunguna, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta tura shi can. Ya karɓa yana sunkuyar da kai, in an tambaye shi a gida abin da yake karantawa sai ya ce ilmin lafiya, ya haɗiye sauran. Abin da ke ba irin waɗannan yara mamaki shi ne tun a shekarar farko sai su ga an aza musu littattafan da suka zaci sun tsere wa.

Dole ɗalibi ya san ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, da naman da ke jan kowannensu, da yadda gaɓoɓi ke haɗuwa. Dole ya san yadda zuciya da huhu ke raba iska ga jiki, da abin da ke faruwa da su in mutum ya ruga a guje. Akwai darasin da ke auna motsi da lissafi, inda ake koyon dalilin da ya sa mai jifan mashi ke karkata jikinsa yadda yake yi, da dalilin da ya sa dira a kan miƙaƙƙiyar gwiwa ke tsinka jijiya. Akwai ilmin abinci, da halayyar ɗan wasa, da cututtuka masu yaɗuwa, da tsaftar muhalli, da tsarin gudanar da gasa. Ga kuma fili: iyo, guje-guje, wasan ƙwallo iri-iri, duk ana ba da maki a kansu. Kafin ya gama, sai an tura shi makaranta ya yi koyarwa ta gwaji, malamansa suna zuwa suna duba shi.

Darasin agajin gaggawa shi ne wanda ya fi kusa da labarin Okwaraji. A nan ake koya wa ɗalibi cewa in mutum ya faɗi ba ya numfashi yadda ya kamata, ba a taruwa a kansa ana fifita, ba a ɗura masa ruwa, ba a cusa masa cokali a baki. Ana kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin kamar santimita biyar, ba tsayawa har taimako ya iso. Abu ne da ake koya a yini ɗaya. Amma ranar 8 ga Maris na 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a filin wasa na Lafiya suna wasa da Katsina United, ya rasu, kuma hotunan da aka gani na yadda aka yi ta fama a kansa sun sa mutane da yawa tambayar ko akwai wanda ya san abin yi a bakin filin.

Kada mai karatu ya ɗauka wanda ya gama wannan sashe likita ne. Ba likita ba ne, kuma ba shi ne mai gashin ƙashi na asibiti ba, wanda karatunsa dabam ne a tsangayar likitanci. Aikinsa ya hana rauni kafin ya faru, ya riƙe mai rauni da rai har a kai shi wurin masu magani, ya kuma gane yaron da bai kamata a sa shi gudu ba tun farko.

ARZIKIN RANA DA HAƊARINTA

A Arewa wannan ilmi yana da wani nauyi na musamman. A watannin Maris da Afrilu zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Mutumin da ya zubar da gumi har ya rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyin jikinsa, ƙarfinsa ya fara raguwa ke nan, in kuwa zafin cikin jikinsa ya kai digiri 40 ya fara sambatu, to yana bakin mutuwa, maganinsa a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take tun kafin a nemi mota. Malamin da ya karanci wannan ba zai jera yara su zagaya fili da azahar ba, kuma ya san yadda zai sassauta horo in azumi ya faɗo a bazara.

Ga kuma batun sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon wannan ciwo ko da shi kansa lafiyarsa ƙalau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a ƙasar nan kowace shekara. Babu makarantar da za a rasa irin waɗannan yara. Gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya tayar musu da ciwo. Wanda bai sani ba sai ya ce yaro rago ne, ya ƙara masa da tsallen kwaɗo, horon da ke cin gwiwar yaron da ƙashinsa bai gama ƙosawa ba.

Abin takaici, a makarantu da yawa ba a neman mai takardar wannan fanni. Hedimasta yakan duba cikin malamai ya zaɓi wanda ya fi ƙuruciya, ko ɗan bautar ƙasa da ya iya buga ƙwallo, ya miƙa masa usur. Ba wanda zai yarda a ba malamin tarihi ɗakin gwajin kimiyya saboda kawai yana sha'awar kwalabe, amma ana ba kowa jikin yara ɗari biyar.

Makarantun 'yan mata su abin ya fi shafa. Iyaye da yawa ba za su yarda namiji ya koya wa 'yarsu motsa jiki ba, kuma suna da hujjarsu. Amma in 'yan matan Arewa ba su shiga wannan sashe sun fito malamai ba, darasin sai ya mutu a makarantar, tare da rabinsa na biyu, watau tsaftar jiki, da al'ada, da abinci mai gina jiki, da rigakafi, abubuwan da yarinya za ta fi sakin jiki ta ji daga bakin mace.

INA AIKIN YAKE?

Wannan ita ce tambayar da uba zai yi, kuma ba a yi masa ƙarya. Yawancin waɗanda suka gama koyarwa suke yi, albashin malami kuwa kowa ya san shi. Makarantun kuɗi da yawa a gidan haya suke, ba su da ko filin da za a yi langa, wasu filayen makarantun gwamnati kuma an yanka an yi kantuna. Wanda ke son horar da babbar ƙungiya sai ya ƙara da takardar koci, digiri kaɗai ba ya isa.

Duk da haka ƙofofin sun fi na da yawa. Akwai hukumomin wasanni na jihohi, da soja da 'yan sanda da sauran masu ɗamara, waɗanda ba sa rabuwa da horon jiki. Akwai sassan wayar da kan jama'a na ma'aikatun lafiya. Gidajen motsa jiki sun yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, domin hawan jini da ciwon sukari sun shigo gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, likitoci kuma suna cewa baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro kuwa awa ɗaya kullum. Mai hawan jini ɗan shekara hamsin ba kowane ƙato ne zai ce masa ɗauki ƙarfe ba. Dambe da kokawa ma, da yanzu ake kallonsu a waya har ƙasashen waje, suna bukatar wanda ya san alamun girgizar ƙwaƙwalwa, ya hana ɗan dambe komawa fage bayan ya sha kisa.

Ita kanta ƙasar tana ji a jikinta. Nijeriya ta dawo daga gasar Olamfik ta Landan a 2012 ba lambar yabo ko ɗaya, haka kuma ta Faris a 2024. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022 da daƙiƙa 12.12, a nan aka haife ta, a Ijebu Ode, amma a wata jami'a ta jihar Texas a Amurka aka ƙarasa goge ta. Yaran da ke da irin ƙafarta suna nan a kowace ƙaramar hukuma. Mai ganin su tun suna 'yan shekara goma sha biyu, ya raine su ba tare da ya karya su ba, shi ne babu.

Ga wanda yake da sha'awa, yawancin jami'o'i suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da ilmin halittu ko kimiyyar lafiya, sa'an nan jarrabawar JAMB. Karatun shekara huɗu ne. Wanda ya riga ya sami takardar NCE a fannin daga kwalejin horon malamai yana iya shiga kai tsaye a aji na biyu, ya gama cikin shekara uku. Sharuɗɗan sukan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka sai a duba littafin JAMB na shekarar kafin a cika takarda.