Aikin matan gida: abin da zanen Holand ke tuna wa Damargu

A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke birnin Amsterdam akwai wani ƙaramin zane da jama'a ke tururuwar gani. Johannes Vermeer ya yi shi wajajen 1660. Wata ƴar aiki ce tsaye a kicin tana tsiyaya madara, ga gutsattsarin burodi a kan tebur. Ba sarauniya ba ce, ba kuma matar attajiri ba.

Me ya kai masu zane kicin? A ƙarni na 17 fataucin teku ya azurta Holand, majami'un Furotesta kuma ba sa rataya hotuna. Sai ƴan kasuwa suka zama masu saye, su kuwa rayuwar gidajensu suke so su gani a bango. Pieter de Hooch ya zana mata biyu suna jera tufafi cikin kabad a 1663, ya kuma zana uwa tana duba wa ɗiyarta kwarkwata.

Amma maza ne suka yi akasarin zanen, kuma wa'azi ke cikinsa: mace ta gari ita ce mai tsabta da haƙuri. A 1655 Nicolaes Maes ya zana ƴar aiki tana barci, kwanoni barbaje a ƙasa, don a yi tir da ragwanci. Gumi da ciwon baya ba kasafai suke fitowa ba.

Mazaunin Tanut ko Balbeji ba ya buƙatar fassara. Kafin fura ta iso ƙwarya, an yi sussuka, surfe, daka da tankaɗe. An je rijiya, rijiyoyin Damargu kuwa sun yi suna wajen zurfi. An nemo itace. Turawan mulkin mallaka sun sayar da katunan gaisuwa masu hoton mata da turmi, galibi ba tare da sunansu ba.

Wannan wahala ba ta da albashi. Rahoton ƙungiyar ƙwadago ta duniya na 2018 ya ce mata ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya. Awannin da yarinya ta ɓata a bakin rijiya, daga lokacin karatunta aka cire su.

Duk 13 ga Mayu Nijar na tunawa da tattakin matanta na 1991. Injin niƙa da famfo kusa da gida na cikin abubuwan da ya kamata a tambayi magadan gari a ranar.