Ina Rai Zai Iya Zama Bayan Duniyarmu? Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Tazara daga tauraro

Rana tauraro ce, kuma duniyarmu na kewaya ta daga nisan kusan kilomita miliyan 150. Masana sararin samaniya suna kiran irin wannan tazara yankin rayuwa, wato inda ruwa zai iya kwanciya a ƙasa, bai ƙafe ba, bai daskare ba. Kamar jin ɗumi ne da hunturu a tsakar gida: na bakin wuta ya ƙone, na nesa sanyi ya kama shi. Tauraron da ya fi rana zafi, yankinsa na can nesa. Ƙaramin jan tauraro kuwa, nasa na dab da shi.

Zara da Mars

Zara da ke haskawa kan duwatsun Zuru bayan magariba kusan girmanta ɗaya da duniyarmu, amma zafin doronta ya kai digiri 465, don iskarta mai kauri ta riƙe zafi ta hana shi fita. Mars kuwa tana gefen yankin rayuwa, sai dai iskarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba.

A nan ne nake ganin ake yawan yin gaggawa. Da zarar an ji an gano duniya a yankin rayuwa, sai a ɗauka an samu gari da mutane. Tazara sharaɗi ɗaya ce kawai. Ba don iskar da ta lulluɓe mu ba, da matsakaicin yanayinmu ya sauka ƙasa da sifiri da digiri 18. Mars ma ta taɓa yin koguna da tafkuna. Motar Perseverance ta sauka a busasshen tafkin Jezero a 2021. Da Mars ta rasa garkuwar maganaɗisu, sai guguwar rana ta riƙa kwashe mata iska.

Guntun Mars a ƙasar Hausa

A ranar 3 ga Oktoba 1962, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. Daga baya aka gano iskar da ta maƙale cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a Mars a 1976. Wani guntun Mars kuma, mai kusan kilo 25, an tsince shi a yankin Agadas a 2023, aka yi gwanjonsa a New York a 2025 kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike. Abin takaici ne irin wannan dukiyar ilimi ta faɗo mana, yaranmu ba su ko ji labarinta a aji ba.

Ina aka kwana?

Duniyoyin da aka tabbatar a kewayen wasu taurari sun haura 5,000. Tauraron TRAPPIST-1 kaɗai yana da 7, kuma 3 suna yankin rayuwa. Madubin James Webb na laluben ko suna da iska. Har yau ba a ga rai a ko ɗaya ba. Hankali ya kuma koma ga Europa, watan Jupiter, wanda ake kyautata zaton yana da teku ƙarƙashin ƙanƙara duk da nisansa daga rana. Kumbon da Amurka ta harba a Oktoban 2024 zai isa can a 2030.