A Bar Kaza Cikin Gashinta? Amsa Daga Myall Creek

Akwai ra'ayin da mutanen kirki da yawa ke riƙe da shi, cewa idan jini ya taɓa shiga tsakanin al'ummu biyu, kuma Allah ya haɗa jikokinsu maƙwabtaka, to a bar kaza cikin gashinta. Hujjarsu tana da nauyi. Wanda ya kashe ya mutu, wanda aka kashe ya mutu, jika bai ci nanin ba don haka nanin ba za ta ci shi ba, kuma tono zancen ba abin da zai haifar sai sabuwar gaba. Masu faɗin haka zaman lafiya suke so. Amma abin da ya faru a wani ƙauye na Ostareliya ya nuna akwai gyara a lissafin.

Ranar 10 ga Yunin 1838, a wata gonar kiwo da ke Myall Creek, kusa da garin Bingara a jihar New South Wales, Turawa makiyaya goma sha biyu suka ɗaure mutanen Wirrayaraay, 'yan asalin ƙasar, da igiya ɗaya, suka ja su bayan gona suka kashe aƙalla 28. Yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi. Daga baya suka ƙone gawarwakin. A shari'ar farko an sallame su, a ta biyu aka kama bakwai da laifi, aka rataye su a Disambar shekarar. Jagoransu, John Fleming, bai taɓa gurfana gaban alƙali ba.

Da farko, shirun da ya biyo baya ba mantuwa ba ne. Zuriyar waɗanda suka tsira sun ci gaba da jin labarin daga bakin kakanninsu. Ɓangare ɗaya ne kawai yake da halin yin kamar ya manta. A 1965 wani Bature mazaunin Bingara, Len Payne, ya nemi a kafa alamar tunawa, aka yi masa ca da irin wannan hujja da muke tattaunawa, shirin ya mutu. Shekara fiye da ɗari da ashirin ana shiru kafin lokacin, kuma shirun bai kusanto da kowa ga kowa ba. In da mantuwa magani ce, ai da tuni ta yi aiki.

Sai batun ɗora wa jika laifin kaka, kuma nan ne tsoron mutane ya fi ƙarfi. A 1998 Sue Blacklock, dattijuwa daga zuriyar yaran da suka kuɓuta, ta gayyaci taron sulhu na cocin Uniting zuwa wurin. Daga nan aka kafa kwamiti na ɓangarorin biyu. Da aka buɗe wurin tunawar ranar 10 ga Yunin 2000, cikin mahalarta har da Beulah Adams, 'yar dangin ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye, da Des Blake, wanda kakan kakansa na cikin maharan. Ba wanda ya tuhume su. Blacklock da Adams rungumar juna suka yi a gaban jama'a. Abin da aka nema daga gare su shi ne su yarda abin ya faru, a faɗe shi da sunansa. A ganina wannan ya fi wuya a kan biyan diyya, domin mutum zai tsaya gaban maƙwabtansa ya ce jinina ne ya aikata. Yau akwai siririyar hanya mai alluna bakwai da ke ba da labarin da Turanci da harshen Gamilaraay, ta ƙare a gindin wani ƙaton dutse. Kowane watan Yuni ana taruwa a bi ta, da 'yan makaranta na ɓangarorin biyu.

Wasu kan ce to ko za a yi, a bar wa hukuma. A shekarar 2000 Firaminista John Howard yana kan ƙin neman afuwa a madadin ƙasa. Sai a 2008 magajinsa Kevin Rudd ya nemi afuwar raba yaran 'yan asalin ƙasa da iyayensu, kuma a shekarar ce gwamnati ta sanya Myall Creek cikin wuraren tarihi na ƙasa. Mutanen ƙauye sun riga ta da shekara takwas.

Masu wancan ra'ayi suna da gaskiya a abu guda: tono yana fusata wasu. A 2005 an je an farfasa wasu kalmomi a jikin allunan, ciki har da kalmar kisa. A 2023 kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi amincewa a bai wa 'yan asalin ƙasa majalisar ba da shawara a tsarin mulki. Amma wanda ya ɗauki guduma ya nufi allo, ƙiyayyarsa ta girmi allon. An gyara rubutun, kuma da Yuni ya zagayo jama'a suka koma wurin.