Yadda ƙanƙara ke jera duwatsu a tsaunuka masu sanyi

Wanda ya ci karo da hoton duwatsun da suka jeru a zagaye, zobe-zobe, a tsibiran Svalbard na ƙasar Nowe, zai iya ɗauka aikin ƙirƙirarriyar basira ne. To ba haka ba ne. Sanyi ne ya jera su, sannu a hankali, shekara da shekaru.

Asalin abin yana cikin halin ruwa. Idan ruwa ya daskare, girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa robar ruwan da aka cika taf aka bari a firiza take kumbura. A cikin ƙasa abin ya wuce haka, domin ƙanƙarar da ta fara kamawa tana jawo danshi daga can ƙasa, ta yi ta kauri har ta ɗaga ƙasar da ke samanta.

Duk dutsen da ke ciki yana tashi tare da ita. Da rana ta fito ƙanƙarar ta narke, sai laka ta zuba cikin gurbin da ya bari, ba zai koma mazauninsa ba. Idan aka maimaita haka sau dubbai, duwatsu kan fito sarari su koma gefe, ƙasa mai laushi ta taru a tsakiya. A shimfiɗaɗɗen wuri zobe ake samu. A gangare kuwa zoben yakan miƙe ya zama dogayen layuka.

Inda ciyawa ta rufe ƙasa, ƙananan tudunni ne ke fitowa, kamar kunyar doya. Sun cika filayen Aisland, inda suke hana injin yankan ciyawa aiki. A Afirka ma akwai su a tsaunukan Lesotho. A saman Dutsen Kenya kuwa ƙasa na daskarewa kusan kowane dare, ta narke da hantsi.

A 2003 wasu masana biyu a Amurka, Mark Kessler da Brad Werner, sun nuna da manhajar kwamfuta cewa ƙa'idoji kaɗan masu sauƙi sun isa su haifar da zobe da layuka. Da an canza gangaren ƙasa ko yawan duwatsu, sai zanen ya canza. A 2008 kuma na'urar Phoenix ta hukumar NASA ta sauka a duniyar Mars a kan ƙasa mai zane-zanen kusurwoyi, ta tona kaɗan, ta tarar da ƙanƙara.

Injiniyoyi ba sa wasa da wannan ƙarfi. Abin da ke ɗaga dutse shi ke fasa kwalta, ya karkatar da turakun lantarki da na sadarwa. Don haka a ƙasashen sanyi ake haƙa harsashin gini ya zarce zurfin da daskarewa ke kaiwa. Wanda ya yi ganganci, hunturu ɗaya na iya tsaga masa bango.