Waya, tabulet ko Kindle: Wace na'ura ce ta fi dacewa da mai karatu a Kano?

Karatu ya fara ƙaura daga takarda zuwa na'ura. Ma'aikacin gwamnati da ke shirin jarrabawar ƙarin girma yana samun Dokokin Aikin Gwamnati a tsarin PDF, haka ma ɗalibin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya da darussansa. Akawun masana'anta a Sharada ko Bompai yana buƙatar sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, yayin da labaran Hausa ke yawo a WhatsApp da Wattpad. Tunda ana shigo da na'urorin karatu da dala ne, kuskuren zaɓi asara ce mai ciwo.

Tambayar farko: me za a karanta?

Littattafan na'ura iri biyu ne. PDF hoton shafi ne da ba ya sauyawa: yadda aka tsara shi a takarda haka zai fito. EPUB kuwa rubutunsa yana bin girman fuskar na'ura, mai karatu ya ƙara girman haruffa yadda idonsa ke so.

A nan ne mutane da yawa ke tafka asara. Ƙaramar Kindle faɗin fuskarta inci 6 ne. Idan aka buɗe mata dokar haraji ko littafin umarnin injin da aka tsara a babbar takarda, rubutun zai ƙanƙance, sai an yi ta ja ana matsarwa. Injiniya ko akawun da aikinsa jadawali da zane ne, tabulet mai inci 10 ta fi masa amfani. Mai karanta labari da tarihi kuwa, ƙaramar na'ura ta wadatar.

Lantarki da ido

Kindle, wadda kamfanin Amazon ya fitar a 2007, da takwararta Kobo suna amfani da fuska mai kwaikwayon tawada a kan takarda. Ba ta cin wuta sosai sai lokacin juya shafi, don haka caji ɗaya kan kai makonni. Waya da tabulet kuwa kusan kullum sai an nema musu caji. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga ma'aikacin da ke wuni a Challawa, ya koma unguwar da wutar KEDCO ba ta da tabbas.

Irin wannan fuska tana karantuwa tar a tsakiyar rana, inda ta waya ke dusashewa, kuma babu saƙon da zai faɗo ya raba hankali. Rauninta shi ne jinkiri wajen sauya shafi, galibinsu baƙi da fari ne, kuma ba a kallon bidiyo da su.

A gwada haruffan Hausa

Wasu na'urorin ba su da salon haruffan da ke nuna ɓ, ɗ da ƙ, sai su fito da akwati ko wani harafi daban a gurbinsu. Kafin a biya kuɗi, a tura littafin Hausa a buɗe a gani. Mai karanta Larabci shi ma ya duba ko wasula suna zama a inda ya dace.

Akwai kuma batun manhaja. Kindle da Kobo ba sa ɗaukar manhajojin Android, saboda haka wanda karatunsa ke cikin WhatsApp ko Wattpad zai fi jin daɗin waya ko tabulet. Na'urorin Boox sun haɗa fuskar tawada da Android, sai dai sun fi tsada.

Littafin wa ne?

Yawancin littattafan da ake saye a Amazon a kulle suke, ba sa buɗuwa sai a Kindle ko manhajarta. Rufe dandalin OkadaBooks na Najeriya a ƙarshen 2023 ya isa darasi: dandali kan mutu. Littafin da aka ajiye kwafinsa a kwamfuta ko katin ajiya shi ne na hannu. Kobo tana buɗe EPUB kai tsaye, Kindle kuwa tun 2022 ana tura mata shi ta hanyar da Amazon ta tanada.

Idan an shiga kasuwa

Wasu daga cikin na'urorin karatun da ake samu a Najeriya na hannu ne. Mai saye a Farm Centre ko titin Beirut ya tabbatar an cire asusun tsohon mai ita, ya haɗa ta da intanet ya ga ta karɓi sabon asusu, ya kuma duba fuskar ko akwai layi ko tabon da ba ya gogewa. Mai gyaran Tecno da Infinix yana ko'ina, amma fuskar Kindle idan ta fashe da wuya a samu madadinta, don haka kuɗin riga mai murfi na cikin lissafi, balle ga mai aiki cikin ƙura.

Wanda bai tabbatar da yawan karatunsa ba, ya fara da wayar da ke aljihunsa: ya sauke manhajar karatu kyauta, ya gwada wata guda. Idan ido da batir suka koka, lokacin sayen na'ura ya yi, kuma ya riga ya san irin wadda yake buƙata.